Ƙafar 'yata ta yi baka: kalsiyam zan sayo mata ko bitamin D?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na wannan zaure. Shawara nake nema don Allah. 'Yata shekararta biyu da wata biyar. Tun farko ta makara a tafiya, sai da ta yi wata 18 sannan ta taka. Yanzu in ta tsaya ta haɗe dugaduganta, tsakanin gwiwoyinta sai ki zura tafin hannu ya wuce. Kuma ba ta son tafiya, daga ɗaki zuwa bakin zaure sai ta tsuguna ta miƙo hannu a ɗauke ta. Surukata ta ce goyo ne ya yi yawa, zai miƙe da kansa. Maƙwabciyata kuma ta ce in sayo mata sirof na kalsiyam. Na je kemis, yaron shagon ya jero min kwalabe uku, ɗaya kalsiyam, ɗaya bitamin D, ɗaya wai haɗe. Na rasa na ɗauka, na dawo hannu rabbana. Akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan?

Ummu_Sultan: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki. Sultan ɗina haka ƙafarsa take, har yayyensa suna kiransa mai doki. Ban ba shi komai ba, kafin ya shiga nazare ta miƙe sambal.

Hajiya_Kaka: Surukarki ta faɗa miki gaskiya 'yar nan. Mu da muka haifi tara muka goyi jikoki mun ga wannan ba adadi. Ku yaran yanzu kuna naɗe yaro da famfas kamar ƙunshin goro, ƙafa a wage dare da rana, ina za ta miƙe? Ki riƙa gasa mata da ruwan ɗumi safe da yamma, ki shafa man kaɗanya, kina haɗa gwiwoyin a hankali.

Sista_Rabi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa miki. Goyo ba ya lanƙwasa ƙashi, famfas ma haka. Da goyo na yi, da duk ƙasar Hausa babu mai miƙaƙƙiyar ƙafa. Abin da Ummu Sultan ta faɗa akwai shi: kusan kowane jariri yana zuwa da 'yar ƙafar baka saboda naɗewar da ya yi a ciki, kuma tana gyaruwa da kanta wajen shekara biyu. Daga nan ma wasu sai su juya su yi gwame wajen shekara uku zuwa huɗu, sai kusan shekara bakwai ƙafar ta daidaita. Amma Maman Ilham, abubuwa uku a maganarki sun tsaya min: ta wuce shekara biyu, ta makara a tafiya, kuma tana ƙin takawa. Duba min wuyan hannunta. Ya yi kauri kamar ta sa awarwaro a ƙarƙashin fata? Sannan ki kwantar da ita ki shafa ƙirjinta gefe da gefe, inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi, ki ji ko akwai ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Maɗigarta ta rufe?

Maman_Ilham: Sista, innalillahi. Yanzu na tashe ta na duba. Wuyan hannun ya yi kauri, ni duk a zatona ƙiba ce. Ƙirjin ban tantance ba, tana ta mutsu-mutsu. Maɗiga ta rufe amma ba da daɗewa ba.

Baban_Walid: A gafarce ni, na shigo maganar mata. Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne bitamin D ɗin nan. An ce daga rana ake samunsa. To mu da rana ke gasa mu kamar tsire daga Maris zuwa Mayu, ta yaya za a ce yaranmu ba su da shi? Ina ganin kasuwar Turawa ce kawai, su da ba su da rana suka ƙirƙiro, mu kuma muna saye.

Dakta_Sani: Baban Walid, rabin maganarka gaskiya ce, kuma likitoci sun daɗe da yin wannan tambayar. Ciwon da Sista Rabi ke zargi shi ne laushin ƙashi na yara, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa riket. Ƙashin yaro yana tsawo ne ta bakinsa, inda guringuntsi ke taruwa sannan kalsiyam ya zo ya daskarar da shi. In kalsiyam bai iso ba, guringuntsin sai ya yi ta taruwa yana faɗi, shi ne kaurin wuyan hannun nan. Yaro ya miƙe tsaye, nauyinsa ya hau ƙashi mai laushi, ƙafa ta lanƙwashe. Aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Kenan ko wanne aka rasa a cikin biyun, ƙashi ne zai ji a jikinsa.

A Turai yawanci bitamin D ake rasawa. A nan kuwa, an yi bincike a asibitin koyarwa na Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa, aka buga a 1999. Yara 123 masu wannan ciwo aka raba gida uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Bayan mako 24, waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Da aka auna abincinsu, kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 da 'yan kai ba. Alhali matsayar da masana na duniya suka fitar a 2016 ta ce yaron da ya wuce shekara ɗaya, in yana samun ƙasa da 300 yana cikin haɗari, sama da 500 ne ake kira ya wadatar.

Maman Ilham, kada ki sayi komai tukuna. Ki kai ta ɓangaren yara a yi hoton wuyan hannu da gwiwa, a ɗebi jini. Akwai wasu cututtukan da ke lanƙwasa ƙafa waɗanda ba ruwansu da kalsiyam, har da na gado da na ƙoda. Kuma ki gaya mana me take ci tun da aka yaye ta.

Maman_Ilham: Na gode Dakta. Na yaye ta tana wata 16 saboda na sami ciki. Da safe koko da ƙosai, rana shinkafa da mai da yaji ko taliya, dare tuwon masara. Shayi take sha da madara kullum.

Anti_Zee: Wace irin madara? Don ni na taɓa faɗawa wannan ramin. Irin wadda ake aunawa a leda a kasuwa nake saye saboda araha, ashe ba madara ba ce, garin faranta shayi ne, mai ne da sitaci da suga. Wata shida ina ɗura wa yara ina jin daɗi wai suna shan madara.

Maman_Ilham: Anti, ta awo ce. Cokali ɗaya a kofi.

Anti_Zee: To kin gani. Ko ta gaske ce ma, cokali ɗaya a kofin ruwa ai wanke cokali ne.

Malam_Habu_Zariya: Dakta ina da ja. Gidanmu mu goma sha ɗaya muka taso, tuwon dawa da miyar kuka safe da dare, madara sai da salla. Babu ko ɗaya mai lanƙwasasshiyar ƙafa. In rashin madara ne, ai da mu ne a sahun gaba.

Dakta_Sani: Malam Habu, ka ba da rabin amsar da bakinka: miyar kuka. Ganyen kuka yana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam a abincinmu, shi da zogale. Yaron da ke shan miyar kuka mai kauri sau biyu a rana ya fi mai cin taliya da mai da yaji. Sannan ina kyautata zaton an shayar da ku kusan shekara biyu, kuma fura ba ta yanke muku ba. Amma tambayarka tana da ƙarfi, don ko a Jos ɗin an tarar yaran da ba su da ciwon su ma kalsiyam ɗinsu ƙasa yake. Wato ƙarancin ne ke share fage, sai wani abu ya ƙaru a kai, kamar yanayin jikin da yaro ya gada ko ƙarancin bitamin D. Kuma jikin da ke fama da ƙarancin kalsiyam yana saurin cinye bitamin D ɗin da yake da shi. Shi ya sa yanzu in an tabbatar da ciwon, duka biyun ake haɗawa, ba ƙasa da mako 12 ba.

Wani abu kuma: masara da gero da dawa suna da wani sinadari a dusarsu da ke riƙe kalsiyam ya hana hanji ɗauka. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage shi.

Bafulatana_Yola: Duk wannan dogon turancin, maganarmu ce dai kuka dawo. Ku ba yara kindirmo! A rugarmu yaro na tashi da ƙwaryar nono a gabansa. Kofi ɗaya na madarar shanu an ce kalsiyam ɗinsa ya kai wajen miligiram 300, to lissafa da abin da Dakta ya faɗa, kofi biyu an wuce wurin.

Ummu_Sultan: Kindirmon gaske a ina? Wanda ake kawo mana unguwa rabi ruwa ne, an dama garin ƙwallon kuka a ciki don ya yi kauri da tsami.

Bafulatana_Yola: Ku ne ba kwa son biyan kuɗin mai kyau! A kawo muku kindirmo ku taya shi kuɗin tsala, me kuke so a yi? Ki sami mai nono ɗaya ki riƙe ta amana, ki biya ta yadda ya kamata, ki ga in za ta cuce ki.

Sista_Rabi: Ku yi haƙuri ku biyun. Ni abin da zan ƙara, a tabbata an dafa madarar kafin a kwantar da ita, don ɗanyar madara na ɗauke da cututtukan shanu, har da tarin fuka. Kuma jaririn da bai cika shekara ba, ba a mayar masa da madarar shanu abin sha a madadin nonon uwa.

Dan_Maradi: Gaisuwa daga Nijar. Nan wajenmu akwai cuku, wanda ake kawowa daga wajen Tawa da Abalak, busasshe kamar faifai. Matata tana daka shi ta zuba ma ɗiyanmu cikin fura ko kunu. Yana daɗewa bai lalace ba, babu ruwanka da firji. Lokotoron da ke duba ɗiyana ya ce abu ne mai kyau. Ban san ko ana samu nai a Kano ba.

Maman_Hanif: Ni kullum romon ƙashi nake yi wa nawa. Ƙafar saniya nake sa wa a wuta tun safe har la'asar. Ai ƙashi shi ke gina ƙashi.

Dakta_Sani: Maman Hanif, romon yana da daɗi kuma yana da amfaninsa, amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin ruwan kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa bayan awa takwas kina ciro ƙashin da ƙarfinsa. Wanda ke aiki shi ne ƙashin da aka ci. Ƙananan busassun kifin nan da ake ci har kai har ƙaya, a wanke, a busar, a ɗan soya sama-sama, a daka lukui a tankaɗe, a riƙa zuba cokali a miyar yaro ko faten dankalinsa. A Jos ɗin ma an gwada garin kifi a kan yara masu ciwon kuma ya yi aiki.

Hajiya_Kaka: To kunun kanwa fa? Mu da shi muka yi jego, da shi muka yi ƙarfin ƙashi.

Sista_Rabi: Hajiya, kanwa dangin gishiri ce, ba kalsiyam ba ce. Farinta ne ke sa a zaci haka. Tun da an zo nan ma, masu ciki da ke cin farar ƙasa da sunan ƙarin kalsiyam su daina, yumɓu ne, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, wani ma da dalma a ciki.

Hajiya_Kaka: Ku dai komai namu sai kun kushe. Allah ya kyauta.

Zainab_Manchester: Bari in dawo da maganar Baban Walid, don kada a watsar da bitamin D gaba ɗaya. Mu nan Ingila daga Oktoba zuwa Maris ranar ba ta da ƙarfin da fata za ta yi bitamin D, balle mu masu duhun fata da muke buƙatar rana fiye da farare. Tun ranar da na haihu aka ce in riƙa ɗiga wa jaririyar maikirogiram 10 kullum, wato IU 400, tunda nono take sha, kuma nonon uwa ba shi da bitamin D sosai. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu ma haka. In yaro na shan madarar gwangwani ta jarirai fiye da mililita 500 a rana ne ake cewa ba sai an ƙara ba, don an riga an zuba a ciki. Da na je gida hutu na lura 'ya'yan yayata a Abuja rayuwarsu ba ta da maraba da tamu: daga fulat zuwa mota, daga mota zuwa aji, gilashi a rufe. Kuma hasken da ya ratso gilashi ba ya yin bitamin D.

Baban_Walid: To wannan kuma matsalar masu kuɗi ce. Nawa tun safe suna waje sai yunwa ta koro su.

Ummu_Khadija: Ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce Malam. Ni gidan haya nake, ɗaki ɗaya da 'yar baranda, an rufe tsakar gidan da kwano saboda ruwan sama. In zan fita hijabi har ƙasa da safa, jaririya a goye a ƙarƙashin hijabin. Da na yi ta ciwon baya da ƙugu bayan haihuwa ta uku aka auna ni, aka ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa sosai. Likitar ta ce a Saudiyya ma da ranarsu matsalar ta yi yawa a mata. Ba cewa na yi a ajiye hijabi ba, kafin wani ya fassara ni. Yanzu in maza sun fita nakan zauna bayan ɗaki inda rana ke sauka, hannu da ƙafa a buɗe na ɗan lokaci, kuma ina shan abin da aka rubuta min.

Maman_Hanif: Ai shi ya sa ake shanya jarirai a hantsin safe.

Dakta_Sani: Ranar sassafe ɗumi ne da ita, amma hasken da ke sa fata yin bitamin D sai rana ta ɗaga, lokacin da inuwar mutum ta gajarta. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa ba a gasa shi a irin wannan ranar. Shi ya sa matsayar 2016 ɗin ta ce a ba kowane jariri IU 400 kullum har ya cika shekara. Na san a yawancin asibitocinmu ba a saba rubutawa ba, kuma a cikin likitoci ma akwai masu ganin a ƙasa mai rana irin tamu ba kowane jariri ke buƙata ba. Ni dai ina rubuta wa bakwaini, da jaririn da uwarsa ba ta samun rana.

Abu_Fatima: Ku yi hattara da ɗigon nan. Ɗan ƙanwata an kusa rasa shi. Kakarsa ta ga kwalbar ƙarama ce, ta ce ɗigo ɗaya me zai yi, ta riƙa cika bututun tana matsa masa, kuma ashe mai ƙarfi ce ta manya da wani ya kawo tsaraba. Bayan 'yan makonni yaro ya daina cin abinci, sai amai, sai fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga bayan gida ya ɗaure. Da aka auna, kalsiyam ya yi masa yawa a jini, har ana tsoron ƙodarsa. Sati biyu suka yi a kwance. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a jiki.

Anti_Zee: Subhanallah. Ni ma ina da laifin haɗa man hantar kifi da sirof mai tarin bitamin, ashe kowanne da D da A a ciki. Allah ne ya tsare.

Maman_Aisha_Kd: Maman Ilham, roƙona ɗaya, kada ki bari a kai ta wajen maɗori. Tawa an ɗaure mata ƙafa da karare wata guda, ba abin da ya miƙe sai gyambo da ta samu a ƙwauri. Da muka je asibiti daga baya, magani kawai aka ba ta da gyaran abinci, a hankali cikin shekara biyu ƙafar ta dawo. Likitan ya ce masu tsananin lanƙwasa da aka bari suka girma su ne ake turawa asibitin ƙashi na Dala a yi musu aiki. Kuma tunda mace ce ki ƙara himma, don ya ce ciwon kan tsuke ƙashin ƙugu, ya zo ya ba ta wahala wajen haihuwa.

Maman_Ilham: Salam. Na dawo da bayani, yau kwana tara. Mun je, an yi hoto da gwajin jini. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna min bakin ƙashin wuyan hannun, ya buɗe kamar bakin ƙoƙo, gefen ya yi buzu-buzu. Ya ce shi ne, amma bai yi nisa ba. An rubuta mata kalsiyam na taunawa da ɗigon bitamin D, mu koma bayan wata uku a sake hoto. Ya ce kada in haɗa kalsiyam ɗin lokaci ɗaya da maganin ƙarin jininta, in raba su. Ni ma an ƙara min nawa. Sirof ɗin da na so saye kuwa na nuna masa hotonsa a waya, ya karanta bayan kwalbar ya ce abin da ke cikin cokali ɗaya bai kai ko kusa da abin da take buƙata ba. Matsalata yanzu ba ta son ƙwayar, tana tofarwa.

Sista_Rabi: Alhamdulillah da kika je. Ki murƙushe ta tsakanin cokali biyu ki cakuɗa da 'yar ayaba ko kindirmo cokali biyu, ba kofi guda ba, don ki tabbata ta shanye. Tare da abinci ya fi.

Malam_Habu_Zariya: Allah ya ba ta lafiya. Amma ni har yanzu ina kan bakana, a koma miyar kuka a bar taliyar leda.

Baban_Walid: Ni kuma ba a gamsar da ni a kan ɗiga wa kowane jariri ba. Mai ciwo daban, mai lafiya daban.

Hajiya_Kaka: Ki dai ci gaba da gasa mata ko da kina ba ta na asibitin. Ruwan ɗumi bai taɓa kashe kowa ba. Me surukar taki ta ce?

Maman_Ilham: Hajiya, cewa ta yi likitoci ba sa rasa abin faɗa. Amma jiya da yamma sai ga ta da ƙullin kuka sabon daka da busasshen kifi a leda, ta ajiye a kicin ba ta ce komai ba.

Ummu_Khadija: Dakta, kafin a tashi, nawa ɗan shekara huɗu gwame ne da shi, amma ƙafar hagu ta fi shiga ciki. Shi ma in jira shekara bakwai ɗin ne?

Dakta_Sani: A'a. Wanda ke gyaruwa da kansa ƙafa biyun yake kamawa daidai wa daida. Tunda ɗaya ta fi ɗaya, ki kai shi a duba.